Kullutu a nono, jiƙo da tsoron ƙarfe: amsoshin likita

Saƙonnin wannan satin kusan duk akan kansar nono ne, wadda wasu ke cewa sankarar mama ko ciwon daji, na ɗauko guda huɗu na cire sunaye.

Tambaya daga Funtuwa: Slm likita, dan Allah mamanmu ce kullutu ya fito mata a nonon hagu, asibiti sunce sai an ɗebi tsoka an gwada amma yayyinta maza sun hana wai daji baya son ƙarfe, da allura ta taɓa shi sai ya fantsama. Yanzu wata 5 kenan ana shafa mata wani baƙin magani tana shan jiƙo, wajen har ya fashe yana ruwa yana wari, mai maganin yace dafin ne ke fita.

Amsa: Wa'alaikumussalam ƙanwata, Allah ya bawa Mama lafiya. Ba dafi bane ke fita. Ko dai maganin shafawar ne ya ƙone fatar ya zama gyambo, ko kuma ciwon ne ya girma har ya ɓullo waje, kuma ko wanne ne a ciki yau ya kamata a daina shafawa, a rufe wajen da bandeji mai tsafta a kaita asibiti cikin satin nan. Sa hannu ki lalubi hammatarta ta wannan ɓangaren, in kinji kaluluwa mai tauri ko kinga fatar nonon tayi ƙananan ramuka irin na ɓawon lemu ko kan nonon ya shige ciki, ki faɗa wa likitan da zai ganta.

Zancen daji baya son ƙarfe kuwa na san inda ya samo asali. Mutanenmu basa zuwa sai ciwo yaci jiki ya kai huhu ko hanta ko ƙashi, a ɗebi tsoka yau, bayan wata biyu a rasu, sai ace ai allurar ce. Ciwon ya riga ya yi tafiyarsa tun kafin allura. Gwajin nan da muke kira bayofsi ana kashe wajen ne a sa allura a ɗauko ɗan abin da bai kai tsinken ashana ba, ranar zata koma gida, kuma shi kaɗai ne zai ce kansa ce ko ba ita bace, in itace wace iri, dan maganin wata baya yiwa wata. Ki samu kawun da aka fi jin maganarsa ki roƙe shi ya rakata da kansa ya ji daga bakin likita, gardama a tsakar gida ba zata raba ku ba.

Tambaya daga Maraɗi: Likita ku dai baku son a yabi na gargajiya. Ni da idona naga matar maƙocina da kumburi a nono, sati uku tana shan sassaƙe ya baje, yau shekara 4 lafiyarta lau.

Amsa: Malam ban ƙaryata idonka ba, amma wa ya gwada ya ce kansa ce? Mafi yawan kullutun nono ba kansa bane. Akwai na ƴanmata mai santsi da ke zillewa in an taɓa, akwai ƙullin ruwa da ke zuwa ya tafi da al'ada, akwai ƙurjin mai shayarwa da ke tara mugunya ya fashe ya warke. Irin waɗannan ne ake kawowa shaida a rediyo da TikTok, wadda tata kansa ce ta gaske tasha sassaƙen ta rasu babu mai ɗaukar muryarta.

An bincika abin ma. Masu bincike a jami'ar Yale ta Amurka sun fitar da sakamako a 2017, sun bi masu kansar da bata yaɗu ba waɗanda suka ƙi asibiti suka tsaya kan wasu magunguna kawai, suka gwada su da waɗanda suka karɓi na asibiti, a masu kansar nono haɗarin mutuwa ya ninka fiye da sau 5. Hukumar Lafiya ta Duniya tace a 2022 mata kusan miliyan 2.3 aka gano da ciwon, 670,000 suka rasu, amma a ƙasashe masu arziki fiye da kashi 90 cikin 100 suna nan da rai bayan shekara 5, saboda ana kamawa da wuri.

Kuma ba gaba muke da itace ba. Paclitaxel da muke sawa masu kansar nono a ruwa asalinsa daga ɓawon wata bishiya aka samo shi a Amurka, sai dai an tace, an gwada akan dubban mutane, an san awonsa da illarsa. Jarkar da ake sayarwa a bayan mota da lasifika wai tana maganin basir da sanyi da daji duk a haɗe, ko mai ita bai san awon abin da ke ciki ba.

Tambaya daga Kano: Dr ina kan kemo (maganin kansa da ake sawa a ruwa) an min zagaye 2, wlh ina shan wahala gashina duk ya zube ga amai. Ƴan uwa sun kawo min habbatussauda da zuma da zamzam da fitsarin raƙumi, wata kuma ta turo min kwayar B17 a WhatsApp. Zan iya dakatawa in gwada su?

Amsa: Sannu Hajiya, sannu da jiki. Kar ki dakata. Gashi zai dawo bayan an gama, aman kuma akwai magungunansa masu ƙarfi, ki gaya musu kafin zagaye na uku a canza miki, ba rashin haƙuri bane. In aka tsinke kemo a tsakiya ciwon samun sarari yake ya farfaɗo.

Addu'a, tofi, zamzam, zuma a shayi in baki da ciwon suga, duk kici gaba abinki, babu likitan da zai hana ki. Habbatussauda ɗan kaɗan a abinci ba komai, amma shan man cokali cokali ko haɗe haɗen kwalba ki kai wa likitanki ya gani tukun, saboda hanta da ƙoda ne ke aikin fitar da kemo, wasu ganyayyakin suna ƙara musu nauyi ko su rage ƙarfin maganin, sai azo ranar ruwa gwajin jini ya ƙi kyau a ɗaga. Fitsarin raƙumi kam a'a, ba'a nuna yana kashe kansa a jikin mutum ba, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta yi gargaɗi akan shansa saboda cutar numfashi ta MERS da ake ɗauka daga raƙuma, ga ki kuma garkuwar jikinki a ƙasa take yanzu. B17 ɗin nan ba bitamin bane, daga ƙwallon wasu ƴaƴan itace ake yinsa kuma a ciki yana sakin gubar sayanayid, an gwada shi a Amurka aka buga sakamako a 1982, bai yi komai ba sai alamun guba a wasu. Zazzaɓi kuma in ya zo miki ana cikin kemo, ko tsakar dare ne asibiti, banda farasitamol a kwanta.

Tambaya daga Gombe: Matata ce akace za'a cire nonon, ni gaskiya kuɗin ne babu kuma itama kuka take, shi yasa muka koma wajen mai magani.

Amsa: Wannan ita ce gaskiyar da yawanci ba'a faɗa, kuɗi da tsoro, kuma na ji daɗi da ka faɗa. Kukanta rabi tsoron ciwo ne rabi tsoron kai ne, ko zaka juya mata baya, wannan kai kaɗai zaka iya magance shi da bakinka. Ba kowa ake cirewa duka ba, in kullutun ƙarami ne ana iya cire shi kaɗai a bi da gasa wajen da hasken inji, wato rediyoterafi, amma kowane wata da kuka ƙara wannan damar raguwa take kuɗin kuma ƙaruwa. Gwamnatin tarayya tana da asusun tallafin masu kansar nono da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza, kuma Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe na cikin waɗanda aka fara da su tare da na Shika da ke Zariya da Babban Asibitin Ƙasa na Abuja. Baya ɗauke komai kuma akwai jira, amma ka je ofishin jin daɗin marasa lafiya na asibitin da takardar sakamakon bayofsi da katinta ka nemi a saka ta, ka kuma tambayi likitan tiyata ya rubuta maka kuɗin kowane mataki daban dan ka san abin da zaka kai gaban dangi.