Kwana Biyar a Istanbul: Yadda Ido Zai Ƙoshi Ba Tare da An Bar Ciki a Baya Ba

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni da maigidana za mu je Istanbul hutun kwana biyar in Allah ya yarda. Ni mai son lashe-lashe ce, a gida babu mai sayar da kayan maƙulashe mai kyau da ban san ƙofarsa ba. Amma wancan karon da muka fita waje, wuni muke yi muna yawon gani, mu dawo ƙafa ta kumbura, abinci kuwa daga na otal sai soyayyar kazar kamfani. Yaya za mu tsara tafiyar nan mu ga gari kuma mu ci abincin garin? Sannan me zan sayo na tsaraba da ba zai lalace a hanya ba?

AMSA

Wa'alaikumus salam Hajiya. Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya.

Maganin damuwarki yana cikin tambayarki. Kin ce a gida kin san ƙofar kowane mai sayar da abu mai kyau. Ta yaya kika san su? Ba allon talla ya nuna miki su ba. Kin ga inda mutane suke cincirindo, kin lura da wanda kayansa ke ƙarewa da wuri, kin san lokacin da ake sauke na zafi. Wannan idon ne kika bari a gida wancan karon. Mutum in ya sauka a baƙon gari sai ya miƙa wuyansa ga jerin wuraren kallo, abinci ya zama abin da ake nema bayan yunwa ta ci ƙarfinsa, a lokacin kuwa duk ƙofar da ta fi kusa ita za a faɗa. Ƙofar da ta fi kusa da babban wurin kallo kuma, a kusan kowane birni, ita ce mafi tsada kuma mafi lami, domin mai ita ya san gobe wasu baƙin ne za su zo, ba ku ba.

Don haka shawarata ita ce ku fara yanke inda za ku ci abincin rana, sannan ku ɗora yawon safe a kansa. Babban wurin kallo ɗaya tak kowace safiya. Taura biyu ba ta taunuwa.

Istanbul, wadda kakanninmu ke kira Santambul, ta sauƙaƙa wannan tsari, domin manyan wurarenta na tarihi suna cunkushe a unguwa ɗaya, Sultanahmet. Nan Ayasofya take, wadda aka kammala gininta a 537 a matsayin coci, ta koma masallaci bayan Sarki Muhammadu na Biyu ya ci birnin a 1453, aka mai da ita gidan tarihi a 1934, sannan ta sake komawa masallaci a 2020. Daura da ita ga masallacin Sultan Ahmad mai hasumiya shida, wanda aka aza harsashinsa a 1609. 'Yan taku kaɗan ga tafkin ƙarƙashin ƙasa na Yerebatan mai ginshiƙai 336. Duk waɗannan da sassafe ake zuwa musu, kafin motocin ayari su juye jama'a layi ya yi tsawo. Ki riƙe ranaku uku a ka: fadar Topkapi ba ta buɗewa ranar Talata, fadar Dolmabahce ranar Litinin, babbar kasuwa mai rufi kuwa ranar Lahadi. Na sha ganin waɗanda suka ɓarar da rabin yini saboda rashin sanin wannan.

Topkapi ku ba ta safiya guda cur, kada ku haɗa ta da komai. A cikinta ne ɗakin kayan amana yake, inda aka adana kayayyakin da ake dangantawa da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, da takubban sahabbai, waɗanda akasarinsu aka kawo bayan Sarki Salim na Ɗaya ya ci Masar a 1517. Ana karatun Alƙur'ani a wurin ba yankewa. Mai son abinci kuma kada ta wuce madafan fadar, masu jerin bututun hayaƙi da ake hangowa tun daga teku. In kin ga girman tukwanen nan za ki gane daga inda girkin birnin ya samo tsarinsa.

To, azahar ta kawo jiki, ina aka nufa? Ku bar dandalin Sultanahmet. Duk wanda ya tsaya a bakin ƙofa riƙe da takardar abinci mai hotuna yana kiranku da harsuna biyar, ku yi masa murmushi ku wuce. Abin da za ku nema sunansa esnaf lokantasi, wato gidan abincin 'yan kasuwa da masu sana'a. Za ki gane shi da ganin tirelolin girki a jere bayan gilashi, da maza masu kayan aiki suna ci cikin sauri. Ba a bukatar Turkanci, nuni da yatsa ya isa. Akwai miyar merjimek ta ɗan jan waken nan da Larabawa ke kira adas, a matsa mata lemon tsami. Akwai kuru fasulye, farin wake da aka dafa cikin tumatir da man shanu, ana cinsa da shinkafa. Akwai yalo da aka tsaga aka cika da niƙaƙƙen nama, da naman rago da ya dahu har yana rabuwa da ƙashi. Wannan shi ne abincin da mutanen birnin suke ci kullum, kuma kuɗinsa bai kama ƙafar na dandali ba. Sai dai yana da lokaci: daga sha biyu zuwa biyu na rana. In kun makara, gindin tire za ku tarar. Irin waɗannan gidaje sun yawaita a lungunan bayan babbar kasuwa, da unguwannin Sirkeji, da Karakoy, da Uskudar.

In da za a ce in zaɓar muku yini ɗaya da gani da ci suka haɗu suka zama abu guda, ranar masallacin Sulaimaniyya zan zaɓa. Masallacin nan shahararren magini Mimar Sinan ya gina shi tsakanin 1550 da 1557 a kan tudu, kuma ni dai a wurina ya fi na Sultan Ahmad nutsuwa nesa ba kusa ba, ga ƙarancin jama'a. Daga farfajiyarsa ta baya ana hangen ruwa da hasumiyar Galata ta 1348. Ku yi azahar a ciki, ku fito, a daidai ƙofarsa ga jerin masu kuru fasulye a cikin tsoffin gine-ginen masallacin. Ku ci, ku gangara a ƙasa ta cikin lungunan 'yan tireda har Eminonu, unguwar da ke bakin ruwa, ku shiga jirgin fito.

Jirgin fiton nan shi ne abin da na fi roƙon baƙi kada su rasa. Da katin Istanbulkart ake shiga, wanda shi ne dai na tiram da jirgin ƙarƙashin ƙasa. Cikin minti ashirin da ɗoriya kin bar nahiyar Turai kin sauka Asiya, a Kadikoy. Kafin ki shiga ki sayi simit a wurin masu jan amalanke, zoben burodi ne da aka bulbule da riɗi, ki karɓi shayi a cikin jirgin a ɗan kofin gilashi mai siririn ƙugu, ki zauna a waje. Hasumiyoyin tsohon birni suna ja da baya, tsuntsayen teku suna bin jirgin suna cafe gutsuren simit a sama. Masu jiragen yawo za su tare ku a bakin ruwa da tayi mai tsada na zagayen Bosforus, mashigin tekun da ya raba birnin gida biyu. Ba laifi ba ne, amma rabin daɗinsa kun same shi da kuɗin mota. A Kadikoy kuma kasuwar abinci ce titi bayan titi, ga zaitun, ga cuku, ga kifi, ga masu kayan tsami. Can ne idonki na gida zai yi aiki sosai, domin masu sayayyar 'yan gari ne.

Bari in taɓo abubuwan da za a yi hattara da su. Nama ba abin damuwa ba ne, naman alade ba kasafai ake ganinsa a Turkiyya ba. Giya ce ake sayarwa a wurare da dama, musamman gidajen da ake kira meyhane da yawancin gidajen kifi. Akwai wata mai suna raki, in an zuba mata ruwa sai ta yi fari kamar madara, kada a ɗauke ta a matsayin ayran, wanda shi yogot ne kawai da ruwa da gishiri. Kalmar alkolsuz tana nufin babu giya. Za ki ga samari da faranti suna sayar da midye dolma, wata halittar teku mai ɓawo biyu da aka cusa wa shinkafa. 'Yan gari suna santinta, amma abu ne da ke wuni a sarari, kuma tafiyar kwana biyar ba ta da rarar kwana biyun da za a yi a kwance. Ruwan sha kuwa na roba za ku riƙa saye, su kansu mutanen birnin haka akasarinsu suke yi.

Kifi shi ne inda na taɓa ƙonewa. Farkon zuwana, wani gidan abinci kusa da ruwa aka kawo mana tire cike da ɗanyen kifi aka ce mu zaɓa. Na nuna wani ƙato ina taƙama, ban tambayi komai ba. Ashe da kilo ake sayarwa. Da takardar kuɗi ta zo sai da na cire tabarau na goge na mayar. Tun ranar nake cewa a auna a gabana, a faɗi kuɗin, sannan a kai wuta. Haka kuma ƙananan farantan da ake jerawa ba ku nema ba, ku tambaya ko kyauta ne kafin hannu ya kai. Shi ma burodi da kifin nan na Eminonu da ake ta ɗauka a hoto, ku ci sau ɗaya don wurin, amma kada ki sa rai da yawa, akasarin kifin daga Norway ake shigo da shi a daskare.

In kina son yaji, girkin Istanbul ba shi da zafi sosai. Ki nemi kebab ɗin Adana, shi ne mai barkono, na Urfa kuwa babu. Dakakken jan barkono yana kan teburi a mafi yawan wurare.

Yanzu ga ɓangarenki na gaskiya, kayan zaƙi. Baklawa, wato siraran fallayen ƙullun fulawa da aka gasa aka zuba wa ruwan sukari, ta asali ta birnin Gaziyantef ce, mai korayen fistashiyo, ƙwaya mai kama da gyaɗa, kuma mai kyau za ki ji ta yi ƙaras a haƙori, man shanu ya riga sukari isa hanci. Wadda ta jiƙe sharkaf ta kwana. Kunefe ana cinsa da zafi, cuku na miƙewa a cikinsa, ba ya jira ba ya tafiya. Akwai wani farin abin zaƙi na madara mai suna tawuk gogsu wanda da tsokar ƙirjin kaza ake yinsa, kuma in ba a gaya miki ba ba za ki gane ba. Ki gwada shi a kan maigida tukuna, ki faɗa masa bayan ya gama. Gahawar Turkiyya, wadda UNESCO ta sanya cikin jerin al'adun duniya a 2013, tun wurin dafawa ake sa mata sukari, saboda haka za a tambaye ki: sade babu sukari, orta matsakaici. Kada ki shanye har gindi, laka ce a ƙasa.

Tsaraba kuwa, lokum, wato alewar Turkawa mai laushi, shi ne sarkin tafiya, domin sitaci ne da sukari, yana yin makonni bai canja ba. Ki sa a yanka miki daga wanda kika ɗanɗana, a zuba a kwali a gabanki. Kwalayen da aka riga aka naɗe aka tara a bakin ƙofa sau da yawa garin sukari ya fi lokum ɗin yawa. Gidan Haji Bekir da ke kusa da Eminonu tun 1777 yake wannan sana'a. Baklawa ki bar ta sai ranar tashi, ki ce a ba ki kuru baklawa, wadda aka rage wa ruwan sukari don matafiya. Kada ta shiga firij in kin isa, sanyi yana daskarar da man da ke cikinta ya kashe ƙaras ɗin. A kasuwar kayan yaji ta Misir Carshisi za a nuna miki tulin wani jan fure mai araha a ce za'afaran ɗin Turkiyya ne. Ba za'afaran ba ne, wani fure ne daban mai ba da launi ba ƙamshi. Na gaske siraran zare ne da giram ake sayar da shi, kuma ba ya araha ko'ina a duniya. Garin shayin tuffa ma na baƙi ne, sukari ne da ƙamshi. In shayin da Turkawa ke sha kike so, baƙin ganyen shayin yankin Rize za ki saya a kantin unguwa. Titunan da ke kewaye da kasuwar sun fi cikinta sauƙin farashi, nan za ki sayi busasshen ɓaure da fistashiyo.

Zuma da man zaitun da ruwan rumman mai kauri duk ruwa ake lissafa su a filin jirgi. In kwalbar ta wuce mililita 100 ba za ta shiga jakar hannu ba, sai babban akwati, a naɗe ta da leda biyu a tsakiyar tufafi. Kwalin baklawa kuwa shi ne zai hau jakar hannu, a kwance, kada a ɗora masa komai.