Fuskokin Jamusawa ne suka riƙe Edvard Munch a ƙasar waje

Tambaya: Na ji ana cewa Edvard Munch na ƙasar Norway ya yi shekaru a Jamus. Da me yake ci, tunda ana cewa mutane sun ƙi zanensa?

Amsa: Ƙin da aka yi masa gaskiya ne. A watan Nuwamba na 1892 ƙungiyar masu zane ta Berlin ta gayyace shi ya baje aikinsa, sai rigima ta tashi, aka rufe wurin bayan mako ɗaya. Surutun ne ma ya sa sunansa ya bazu, ya zauna a Berlin, kuma a shekarar ya zana marubucin Sweden, August Strindberg.

Abin da ya riƙe shi daga baya shi ne zanen mutane bisa kwangila, kuma a ganina nan ne gwanintarsa ta fi fitowa, ko da yake duniya ta fi saninsa da zanen nan na mai kururuwa a kan gada. Wani likitan ido a birnin Lübeck na Jamus, Dakta Max Linde, ya ɗauke shi aiki, a 1903 ya zana masa 'ya'yansa maza huɗu. Ka duba zanen in ka samu dama. Yaran suna gaban farar ƙofa, ba a jera su kamar na mai ɗaukar hoto ba, kowa da tsayuwarsa, babban ya karkatar da kai kamar hankalinsa ya tafi wani wuri. Uba ne kawai ya saba ganin 'ya'yansa haka.

Sai manya suka biyo baya. Ya zana Harry Kessler, wani mai ɗaukar nauyin masu zane, a 1904 da 1906, sannan Walther Rathenau a 1907, tsaye cikin baƙar kwat da sigari a hannu, mutumin da ya zama ministan harkokin wajen Jamus aka kashe shi a 1922. Masanin falsafa Friedrich Nietzsche kuwa ya riga ya rasu tun 1900, daga hotuna Munch ya zana shi a 1906.

Yawo da giya sun ci jikinsa. A 1908 ya kwanta a asibitin Dakta Daniel Jacobson a Copenhagen, har ya zana likitan ma kafin ya koma gida a 1909. A 1937 'yan Nazi suka kwashe ayyukansa 82 daga gidajen tarihin Jamus.