Gyambon babban hanji: me zai hana a wanke cikin a huta?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ɗana mai shekara 22 ya kusa shekara biyu yana gudawa da jini da majina. An leƙa hanjinsa da kyamara, aka ce gyambon babban hanji ne, wai garkuwar jikinsa ce ke faɗa da ƙwayoyin da ke cikin hanjin. Kakarsa ta dage a yi masa wankin ciki, mai kemis kuma ya ce ya ci gaba da shan Flagyl. In ƙwayoyin ne matsalar, me zai hana a kashe su duka? Wallahi barci ya gagare ni.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah Ya ba shi lafiya, Ya ba ki juriya. Tunda an leƙa hanjin, ba zan tsaya bayanin cutar ba. Ki dai tabbatar an auna bayan gidansa an ga babu atunin amiba kafin a ɗora shi kan firednisolon, maganin da ke danne garkuwar jiki don kwantar da kumburi, domin maganin kan sa amiba ta yi ƙarfi ta ɓarke.

Wani ƙiyasi na 2016 ya nuna jikin baligi na ɗauke da bakteriya kusan tiriliyan 38, mafi yawansu a babban hanji suke zaune. Tsakaninsu da bangon hanji akwai shimfiɗar majina, kamar zana tsakanin maƙwabta. Wasunsu, irin su Faecalibacterium prausnitzii, suna cin dusar gero, wake, kuka da kuɓewar da cikinmu bai iya narkarwa, su samar da sinadarin butiret. Shi ne babban abincin fatar hanji, kuma yana ƙarfafa sashen garkuwar jiki mai aikin kwantar da tarzoma. A cikin ɗanki zanar ce ta yage: ƙwayoyin suka taɓa bango, garkuwa ta far musu, ta kuma kasa tsayawa. Kumburin yana rage masu amfanin, masu fitina irin dangin E. coli su samu fili. Gado ma na da hannu. An gano wurare sama da 200 a ƙwayoyin halitta masu alaƙa da irin waɗannan cututtuka.

Tunaninki ba shirme ba ne. Ɓerayen gwaji masu saurin kamuwa da kumburin hanji, in aka rene su inda babu ƙwayar komai, ba sa kamuwa. Amma mutum ba ya rayuwa a kwalba. Flagyl yana kashe bakteriyar da ba ta son iska, masu yin butiret kuwa suna cikinsu. Yawan shan maganin kashe ƙwayoyi yana buɗe ƙofa ga wata bakteriya mai suna Clostridioides difficile, wadda gudawarta kan yi kisa, musamman ga mai irin ciwon ɗanki. Shan Flagyl wata da watanni kuma yana taɓa jijiyoyi, ƙafa ta riƙa zugi kamar ana tsira allura. Yana da wurinsa, misali in akwai ƙurji, amma likita ke yanke wannan, ba mai kemis ba.

Sai wankin ciki, abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Kusan kullum sai na ga wanda aka kawo a galabaice bayan ya sha. Mutum ya buɗe bayan mota a tasha, ya kafa lasifika, duk jinin da ya fito ta dubura ya ce basir ne, duk majina dattin ciki ce, ya miƙa maka jarkar jiƙon da shi kansa bai san ma'auninsa ba, galibi da filasko da kanwa a ciki. Mara lafiya ya kwana yana zarya banɗaki, 'yan gida suna murna wai cuta na fita. Wace cutar? Majinar da ke kare hanjinsa ce ke zuba, da jininsa, da ruwan jikinsa, da gishirin fotasiyam da zuciya ke buƙata. Hanjin da ya riga ya yi gyambo, in aka tsananta masa, yana iya kumbura ya huje, a ƙare a ɗakin tiyata. Mai lasifikar kuwa tuni ya wuce wata kasuwar. Abin takaici, har masu digiri na sha.

In likita ya ɗora ɗanki kan mesalazin, maganin rage kumburin hanji, ya riƙe shi ko da jinin ya tsaya, domin yawancin waɗanda ke dawo mini a kwance sun daina ne da suka ji sauƙi. Ya guji diklofenak da ibufurofen. Kindirmo abinci ne mai kyau in cikinsa na karɓa, amma ba ya maye gurbin magani. In gudawar jini ta kai sau shida a rana, ga zazzaɓi ko bugun zuciya da sauri, a kai shi asibiti ran nan, kada a kwana. Kakarsa kuwa, ranar da za ku koma ganin likita ku tafi da ita, a nuna mata hoton hanjin jikanta ta gani da idonta.