Makanike ya ce ruwan kulan na ƙasashen sanyi ne, ko gaskiya ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Corolla gare ni ina jigila tsakanin Maradi da Tasawa, kwanan nan ruwan lagireto na raguwa kusan kowane sati, kuma allurar zafi tana hawa idan na wuce Agye da tsakar rana. Makaniken unguwarmu ya ce in bar ɓata kuɗi a kan kulan, wato ruwan sanyaya inji da ake sayarwa a galan, wai na Turawa ne, ruwan famfo ya isa. Wallahi hankalina ya tashi, da motar nan nake ciyar da iyalina.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya rufa asiri. Ruwa ba ya raguwa haka kawai, akwai inda yake bi. Ka sa a duba tiyo, murfin lagireto, famfon da ke zagaya ruwa a injin, da ko fanka na tashi. In kana ganin farin hayaƙi a salansa ko man injin ya koma kamar shayi da madara, to gaskit ɗin kan injin ne ya ƙone, ka ajiye motar kafin ta ɗauko maka babban aiki.

Wajen ƙarawa kuwa da safe ake yi injin na sanyi, a robar da ke gefe, ruwa ya tsaya tsakanin MIN da MAX. Kar ka taɓa buɗe murfi mota na tafasa, ko da tsumma, ruwan nan a matse yake, fuska yake nufa.

To amma maganar makanikenka ita ce ke ƙona min rai, don kullum sai na ji ta a gareji, wai kulan maganin ƙanƙara ne, mu da muke Maradi ina ruwanmu da ƙanƙara. Haba jama'a! Eh yana hana ruwa daskarewa, amma aikinsa ɗaya ke nan cikin uku. Na biyu, yana hana saurin tafasa. Ruwa zalla in ba a matse yake ba a digiri 100 yake tafasa, injin kuma aikinsa na yau da kullum a wajen 90 yake, ka ga tazarar ba yawa, balle a watan Afrilu da Mayu da garin nan ke haura digiri 40 ga fasinja ga kaya har saman mota. Kulan da aka haɗa rabi da rabi da tataccen ruwa, idan murfi na riƙe iska yadda ya kamata, sai ya wuce 120 bai tafasa ba. Wa ya fi mu bukatarsa in ba mu da ke cikin zafi ba?

Na ukun shi ne wanda ba a gani sai ya yi ɓarna. A cikin kulan akwai sinadarin hana tsatsa. Ruwan famfo da na rijiya kuwa, har piya wata, suna ɗauke da gishiri da farar ƙasa, dubi cikin butar mai shayi da ta daɗe a wuta, irin wannan ɓawon ne ke taruwa a siraran hanyoyin lagireto har ya toshe su, tsatsa ta cinye famfon ruwa, ta ci kan injin da yake na alminiyom ne. Daga nan mota ta fara zafi, sai wannan makaniken dai ya cire tamostat mai daidaita zafin inji ya jefar, ya haɗa fanka kai tsaye, wani ma ya fasa ƙwai ko ya zuba Omo a ciki wai wanki. An toshe bakin ciwo, ciwon na nan. Mu ji tsoron Allah, amanar abincin mutum aka ba mu, wanda bai sani ba ya ce bai sani ba, kuɗin galan ɗaya ina ya kai na ɗaga kan injin?

In ruwa ya ƙare maka a daji ba laifi ka zuba mai tsabta ka iso gari. Amma da ka iso a gyara yoyon, a zubar da tsohon duka a wanke, a sa irin wanda littafin motar ya ce, Toyota na yanzu ja ko ruwan hoda suke sha, kuma kar a cakuɗa iri biyu. Ka karanta jikin galan, wani an riga an haɗa shi wani sai ka sirka. Ragowar ka ɓoye nesa da yara da awaki, zaƙi gare shi kuma guba ne, yana kashe ƙoda.