Amsa ga mai tambaya kan burodi da sankarar babban hanji

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin tambaya ko burodi da shayin da maigidanki ke karyawa da su kullum za su iya jawo masa sankarar babban hanji. Ni ba likita ba ce, amma na yi jinyar yayana da wannan cuta kusan shekara biyu, kuma a zaman asibitin babu likitan da ban tsare da tambaya ba.

Abin dubawa shi ne irin burodin. Farin burodinmu da fulawar da aka raba da dusarta ake yin sa, kuma a dusar nan faiba yake, wato ɓangaren abinci da ciki ba ya narkarwa. Shi ke ƙara wa bahaya auki da laushi, ya fita da wuri, dattin bai daɗe yana gogar bangon hanji ba. Ƙwayoyin halitta masu amfani da ke zaune a hanji kuma suna cin sa, su fitar da wani sinadari, butiret, wanda ke ciyar da bangon hanjin.

Wani likitan tiyata, Denis Burkitt, da ya daɗe yana aiki a Yuganda, tun wajejen 1970 ya lura cutar ba ta da yawa a ƙauyukan Afirka inda ake cin abinci mai dusa, alhali ta yi katutu a Turai. A 2011 mujallar likitoci ta BMJ ta buga nazarin da ya nuna duk ƙarin giram 10 na faiba a rana yana tafiya da raguwar haɗarin da kusan kashi 10 cikin 100. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce babba ya samu aƙalla giram 25 kullum.

Abin da ke min ciwo, muna da shi a gida. Mu surfe gero da dawa har su yi fari tas, mu zuba wa awaki dusar! Ni yanzu sama-sama nake surfe. Ba sai kin hana shi burodinsa ba. In kin samu na alkama da aka niƙa da ɓawonta, madalla. In babu, ki haɗa masa da wake ko alale, da rana kwaɗon zogale ko rama, miyar kuka da kuɓewa kada su yanke. Ya sha ruwa sosai, ki kuma riƙa ƙarawa a hankali don gudun kumburin ciki. A rage sosej da naman gwangwani, tun 2015 aka sa sarrafaffen nama cikin abubuwan da ke jawo wannan sankarar.

Amma don Allah, in ya taɓa ganin jini a bahaya, ko bahayan ya canza na makonni, ko yana ramewa ba dalili, wannan ya wuce gyaran abinci. Yayana shekara guda cur yana shan jiƙon basir. Ranar da aka zura masa na'urar duba hanji, ƙarin ya riga ya kusa toshe hanyar, sai da aka yanke wani sashe na hanjin.