Siminti ba ya zama a jikin ganuwa

Kai yaro, ka tambaye ni dalilin da ya sa muke tattara kayan aiki da zarar hadari ya fara haɗuwa, kuma me zai hana a shafe ganuwa da siminti a huta da yaɓe duk shekara. Ta biyun nan ta fama mini tsohon miki.

Ta farko ba sai na ɓata bakina ba. Tubali rana yake so, duk wanda ya taɓa kwaɓa ƙasa ya san haka. Ganuwar Kano da Sarki Gijimasu ya fara, Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa, da rani ake gyaranta tun kaka da kakanni.

Shekarun baya wani ɗan kwangila ya same ni har zaure, wai ya samu aikin gyaran wani ɓangare na tsohuwar ganuwar wani gari, manyan baƙi za su zo gani. Muna tsakiyar bazara. Na ce masa lokaci ya ƙure, ƙasa tana son a kwaɓa ta da ciyawar ramno a bar ta ta kwana biyu tana ruɓewa, sannan a rufe da laso: katsi daga marina, gashin jima daga majema, da ruwan dafara. Ya ce ai wannan aikin mutanen da ne, washegari sai ga mota da buhunan siminti. Sau uku ina ƙi. Ya yi ta rantsuwa, ya ajiye rabin kuɗi, ga leburori 12 sun zuba mini ido. Na yarda. Yardar nan har yau tana cina.

Baƙi suka zo suka ɗauki hoto, bango sumul. Da ruwan Agusta ya kankama na je dubawa, na ƙwanƙwasa da bayan yatsa, sai na ji yana amsawa kamar ganga. Ruwa ya shiga ta wata 'yar tsaga a sama, siminti ya hana danshi fita, ƙasar ciki ta zama kunu. Ba a yi mako ba ɓawon ya zame gaba ɗaya, ya jawo tsohon ginin da ke bayansa. Da idona na ga tubalan magabata, shatin yatsunsu na nan a jiki, suna narkewa a bakin kududdufi. Ruwan ɗaruruwan shekaru bai kayar da su ba, sai aikina na wata guda.

Mutumin ya je ya ce magini ne bai iya aiki ba, ya hana ni cikon kuɗina. Saniyata na sayar na sallami leburori. Rani biyu babu wanda ya kira ni ko gyaran indararo. Allah ya isa tsakanina da shi.

Ku yaran yanzu komai sauri kuke so, waya a hannu, an jera bulo yau gobe a shafa fenti. Ko warin makuba, jiƙon ɓawon ɗorawa da muke shafe gini da shi, ba ku iya jurewa. Gobe bayan sallar asuba ka ajiye wayar nan a gida ka zo da fartanya. Za mu bi gindin bangon, ka nuna mini da kanka inda ruwa ya kwanta bara kafin ka taɓa ƙasa.