Me ya sa yashi ke fara cin tiyo a kwana, wato inda ya lanƙwashe?

Tambaya: Salam malam. Ina aikin haƙar yashi a ruwa wajen Ajah a Legas. Tiyon roba da muke haɗawa da inji ya fi faif ɗin ƙarfe daɗewa, amma kullum a kwana yake fara hujewa. Ba ƙarfe ne ya fi roba ƙarfi ba? Kuma me ya sa sai kwana?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ƙarfe ya fi roba tauri kam, amma fa yashi ya fi ƙarfen. Yawancin ƙwayar yashi dutsen kwatz ce, a ma'aunin tauri na Mohs tana kan 7, ƙarfen faif kuwa bai wuce 4 zuwa 5 ba, shi ya sa duk ƙwayar da ta goga sai ta kankari wani abu. Ita roba mai laushi in ƙwaya ta faɗo mata kai tsaye lotsawa take ta dawo ta cillar da ita, ba abin da ya fita.

Matsalar tana wajen gogayya. A kwana ruwa ne ke juyawa, yashi kuma saboda nauyi yana son ya miƙe, sai ya taru a gefen waje na kwanar yana shafar robar a karkace, masu kaifin ciki suna kama fatarta suna ja, tsaga ƙanana na buɗewa yau da gobe har guntu ya ɓalle. In ka yanka tsohon tiyo sau da yawa za ka ga layi-layi sun gitta hanyar ruwan, alamar kenan.

Abin da ya fi damuna shi ne gudun ruwa, don mutane ba sa kula. In ka ninka gudun, cin ba ninki biyu yake ba, yana kai huɗu har takwas. To kar a matsa wa inji wuta haka kawai, amma kuma kar a rage har yashi ya kwanta ya toshe.

Ku buɗa kwanar ta yi faɗi, ku riƙa juya tiyon lokaci lokaci don ɗaya gefen ma ya karɓa. Man gas da baƙin mai kar su zauna a kansa, kumbura robar asali suke ta yi taushi. A miƙaƙƙen layi kuma faif ɗin filastik irin HDPE ya fi irin PVC jure yashi nesa ba kusa ba.